Yadda Ake Adana Hotunan Iyali, Na Takarda Da Na Waya: Tambayoyi Da Amsoshi

Kusan kowane gida yanzu yana da hotuna iri biyu: tsofaffin da aka wanke a takarda, suna kwance cikin albam ko ambulan ko ƙasan akwati, da kuma dubban da suka cika wayoyi. Kowane iri da hanyar da yake bi ya salwanta. Na takarda yana tsufa a hankali a gaban idonka, yana ba ka shekaru ka yi wani abu a kai. Na waya kuwa yau yana nan garau, gobe a neme shi a rasa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da su duka biyun.

Na gaji tarin tsofaffin hotuna, ban san ta inda zan kama ba. Da me zan fara?

Da sunaye. Kafin ka sayi albam, kafin ka nemi sikana, ɗauki hotunan ka tafi wurin wanda ya fi kowa shekaru a dangi, ku zauna ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Wane ne wannan? A ina aka ɗauka? Wace shekara, ko aƙalla kafin haihuwar wa, bayan rasuwar wa? Takarda za ta iya jiranka shekara 10 nan gaba, amma dattijuwar da ta san fuskokin ba lallai ne ta jira ba. A ganina babu aikin da ya kai wannan gaggawa a duk sha'anin adana hoto, kuma shi aka fi ɗagawa zuwa wata rana. Hoton da ba wanda ya san na cikinsa, komai kyawunsa, jikoki ba za su ga dalilin riƙe shi ba, kuma irinsa ake fara zubarwa idan aka zo kwashe kayan mamaci.

Idan kun zauna, kunna rikodar wayarka ka ajiye a gefe. Hoto ɗaya kan janyo labarin da ba ka taɓa ji ba, na ƙaura, na sana'ar da aka daina, na wani ɗan'uwa da ya tafi bai dawo ba, kuma hannu ba zai iya rubuta duk wannan ba. Ba wa kowane hoto lamba, ka riƙa ambatonta da baki domin daga baya ka gane a kan wanne ake magana. Sannan ka rubuta cikakken suna. "Baba da Inna" yana da ma'ana a wurinka, amma ga wanda za a haifa shekara 50 nan gaba ba ya nuna kowa. Inda ake kokwanto, sa alamar tambaya. Idan manya biyu suka saɓa a kan wata fuska, rubuta maganar kowanne da sunan wanda ya faɗa.

Da me zan yi rubutu a bayan hoto?

Da fensir mai laushi, irin mai lamba 2B zuwa 6B. Kifa hoton a kan abu mai tauri da tsabta, ka yi rubutun kusa da gefe, kada ka danna. Biro yana barin shaida har ta gaba, tawadarsa kuma takan yi naso ko ta shafi hoton da aka ɗora a kansa. Yawancin hotunan da aka wanke daga wajajen 1970 zuwa yau bayansu na da santsin roba, fensir ba ya kamawa sosai. Irin waɗannan gara ka yi rubutun a jikin ambulan ɗin ko a wata 'yar takarda da za ta zauna tare da hoton.

Me ya sa hotunan baƙi da fari na kakanninmu suka fi na kala na iyayenmu kyan gani, alhali sun girme su?

Domin ba da abu ɗaya aka yi su ba. Hoton baƙi da fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a cikin wani siririn shimfiɗi na jelatin a fuskar takarda. Azurfa ƙarfe ce, tana da juriya, don haka idan mai wankin ya ɗauraye sinadaran da kyau, hoton kan wuce shekara 100 bai sauya sosai ba. Idan kuma an yi gaggawa wurin ɗauraya, ragowar sinadarin ne ke sa hoton ya yi rawaya ko tabon ruwan ƙasa bayan shekaru. Akwai kuma wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi da kan fito a wuraren duhu na tsohon hoto, musamman ta gefuna. Wannan azurfar ce ta taso sama saboda danshi da gurɓatacciyar iska.

Hoton kala kuwa da rini uku aka gina shi, ɗaya bisa ɗaya: rawaya, ja mai ruwan hoda, da shuɗi mai ratsin kore. Matsalar ita ce ba sa koɗewa tare. A hotuna da yawa na shekarun 1960 da 1970 shuɗin ne ya fara tafiya, ko da a cikin duhu aka ajiye su, shi ya sa kake ganin komai ya koma ja-ja, fuska da sama da ganye. Ba a iya mayar da rinin da ya tafi a jikin takarda, sai dai a gyara launin a kwafin kwamfuta. Saboda haka idan za ka jera wanda za ka fara ceto, hotunan kala na waɗannan shekaru ne a gaba, na baƙi da fari za su iya ɗan haƙuri.

Ba duk fim ɗin kala ne haka ba. Kodachrome, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1935, ya yi suna wajen riƙe launinsa shekaru da dama muddin yana cikin duhu. An daina yin sa a 2009, wuri na ƙarshe da ke wanke shi kuma ya daina a ƙarshen 2010.

Wane wuri ne ya fi dacewa a gida?

Wuri mai sanyi, busasshe, mai duhu, wanda yanayinsa ba ya yawan hawa da sauka. Masana adana kayan tarihi sukan ba da shawarar danshin iska ya zauna tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, zafi kuma kada ya wuce wajen digiri 20 idan da hali. Da zarar danshi ya haura kashi 65 ya daɗe a haka, fumfuna za ta fara. Jelatin daga fata da ƙashin dabbobi ake samun sa, don haka abinci ne ga fumfuna da kyankyasai, gara kuma takardar take ci. Bushewa mai tsanani ita ma tana da nata lahani, tana sa hoto ya naɗe ya tsattsage.

Zafi yana hanzarta duk wata lalacewar sinadari, sanyi yana rage mata gudu. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 aka kwashe miliyoyin hotunan rumbun Bettmann, wani babban tarin hotunan tarihi, aka kai su wani tsohon ramin haƙar dutse a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda ake ajiye su cikin tsananin sanyi. A gida ba a bukatar kai wa nan. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ajiye su dab da rufin kwano, ko jikin bangon da rana ke duka, ko kusa da kicin da banɗaki, ko a sito mai yoyo. Kada kuma akwatin ya zauna a ƙasa, ɗaga shi bisa kanta. Galibi ɗakin da mutum ke jin daɗin kwana a ciki ya fi kowane lungu dacewa.

A wuri mai yawan laima, akwati mai murfin da ke rufuwa ruf yana taimakawa, tare da ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sababbin na'urori. Sai dai sukan ƙoshi su daina aiki, dole a riƙa sauya su. Kuma ka tabbata hotunan a bushe suke kafin ka rufe, in ba haka ba ka kulle su ne tare da abin da zai ci su. Buɗe akwatin ka duba aƙalla sau biyu a shekara.

Albam ɗinmu irin mai danƙo ne da leda a sama. In cire hotunan?

Wannan albam da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980 yana cikin mafi cutar da hoto. Danƙon shafin yana tsami da shekaru, ya yi rawaya, ya bar layi-layi a bayan hoton, wani lokaci har ya huda zuwa gaba. Idan hotunan suna ɗagowa cikin sauƙi, cire su. Amma kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, domin jerin da mai albam ɗin ya yi da rubutun da ya bari a gefe su ma tarihi ne. Wanda ya manne ya ƙi fita, kada ka ja shi da ƙarfi, kada garin neman gira a rasa ido. Bar shi a shafinsa ka yi masa sikanin a haka.

Wurin zaɓen sabon mazauni, nemi albam ko ambulan na takarda marar asid, ko leda ta poliyesta, polifirofilin ko poliyetilin. Guji ledar PVC, wadda sau da yawa ake gane ta da ƙarfin warin roba. Idan ka ga an rubuta cewa kayan sun ci gwajin PAT, to an gwada su an ga ba sa cutar da hoto. Salatif, gam, kilif na ƙarfe da robar ɗaure kuɗi duk a nisanta su: kilif yana tsatsa, roba tana narkewa ta manne, salatif kuma yana barin tabon da ba ya fita.

Lamineshin fa? Ai yana kare hoto daga ruwa da datti.

Kada ka yi wa hoton asali. Ana manna ledar ne da zafi da gam, kuma da zarar ta kama ba a cire ta ba tare da ɓata fuskar hoton ba. Idan kana son wanda yara za su riƙa ɗauka suna kallo, wanke kwafi ka yi masa lamineshin.

Na samu nagetif cikin ambulan. Suna da amfani tunda muna da hotunan?

Suna da shi ƙwarai. Nagetif shi ne ainihin abin da ya shiga cikin kyamara ya ga hasken ranar. Ɗan ƙaramin fim ɗin nan mai milimita 24 da 36 yakan ɗauki bayani fiye da abin da ƙaramar takardar da aka wanke daga jikinsa ta nuna, kuma da yake ya zauna a duhu, sau da yawa launinsa ya fi na takardar lafiya. Haka kuma akan tarar da hotunan da ba a taɓa wankewa ba, ko waɗanda aka ba wa wasu aka manta. Riƙe shi ta gefe kawai, domin maiƙon yatsa yana barin shaidar da kan zauna daram.

Sai dai ka san irin wanda ke hannunka. Fim ɗin da aka yi daga 1889 zuwa farkon shekarun 1950 yana iya zama na naitiret, wanda ke kama wuta cikin sauƙi, kuma idan ya kama da wuya ruwa ya kashe shi. Wasu an rubuta NITRATE a gefensu, wanda ya gaje shi kuma akan rubuta masa SAFETY. Idan kana zargin kana da na naitiret, ware shi nesa da zafi da sauran hotuna, ka nemi shawarar gidan adana kayan tarihi. Wanda ya gaje shi ɗin, na asitet, ba ya da wannan haɗarin gobara, amma yana da tasa cutar: idan ya fara lalacewa sai ya riƙa warin tsami irin na binega, ya tsuke, ya yamutse. Tururin tsamin yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Duk wanda ka ji wannan wari a jikinsa, raba shi da sauran ka gaggauta yi masa sikanin, domin ba a dakatar da abin gaba ɗaya, sanyi ne kawai ke rage masa sauri.

Ruwa ya shiga hotunanmu. Sun tafi ke nan?

Ba lallai ba, muddin ka yi hanzari. Hoton da aka wanke daga fim a cikin ruwa aka haife shi, don haka yana jure jiƙa na ɗan lokaci. Abin tsoro shi ne su bushe a manne da juna, ko fumfuna ta kama su, wadda kan fara cikin kwana biyu zuwa uku. Cire su daga albam da firam tun suna jiƙe. Idan da laka, ɗauraye su a hankali cikin ruwa mai sanyi da tsabta ba tare da goga fuskar ba. Waɗanda suka manne, bar su cikin ruwan su saki da kansu. Sannan ka shimfiɗa su ɗai-ɗai, fuska sama, a kan tawul ko takarda mai tsotse ruwa, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ban da rana, ban da dutsen guga, ban da na'urar busar da gashi. Idan sun yi yawa ba za ka iya gamawa ba, saka su a leda ka sa a firiza, daskarewa tana tsayar da fumfuna har ka samu lokaci.

Wanda fuskarsa ta fara narkewa, ɗauke shi a waya nan take kafin ka taɓa shi. Hotunan da aka buga da firinta mai fesa tawada kuwa kada a tsoma su, tawadar wasunsu tana bin ruwa. Bayan ambaliyar teku da ta afka wa Japan a ranar 11 ga Maris 2011, 'yan sa-kai sun yi watanni suna wanke hotunan da aka tsinto cikin laka da irin waɗannan dabaru, kuma iyalai da dama sun sake haɗuwa da nasu.

Laifi ne in rataye tsohon hoto a bango?

Haske yana cin hoto, na kala ya fi shan wahala. Abin da ya fi shi ne ka rataye kwafi, na asalin ya zauna a akwati. Idan dole sai na asalin, zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa, kuma a sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilashi. Hoton da ya jingina da gilashi kai tsaye yakan manne da shi idan danshi ya shiga.

Wajen mayar da su kwamfuta, waya ta isa ko sai sikana?

Sikana ta fi, domin haskenta daidai yake ko'ina kuma hoton ba ya karkacewa. Ga hoton takarda, ɗigo 300 a kowane inci ya isa idan girmansa ɗaya za ka sake wankewa, amma 600 ya fi kwanciyar hankali, musamman ga ƙananan hotuna da wata rana za a so a faɗaɗa wata fuska a ciki. Nagetif kuwa ƙarami ne ainun, yana bukatar 2400 zuwa 4000, da sikanar da ke haska fim ta baya. Yi sikanin da kala ko da hoton baƙi da fari ne, saboda launin tsufansa ya fito. Kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta. Kuma juya hoton ka ɗauki bayansa idan da rubutu ko hatimin mai hoto, domin hatimin kaɗai kan taimaka a gano gari da zamani.

Ajiye kwafin farko a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai, ka bar shi ba gyara. Daga shi sai ka fitar da JPEG don rabawa. JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, yana rage nauyin fayil ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanin, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa yana ƙara zubarwa. Kwafa shi daga wuri zuwa wuri kuwa ba ya rage masa komai.

Idan sikana ba ta samu ba, kada ka zauna jira. Shimfiɗa hoton kusa da taga inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, kashe fitilar kyamarar, riƙe wayar daidai saman hoton, ka ɗauka. Kwafin waya da ke hannu ya fi na sikana da ake ta shirin yi.

Bayan na gama sikanin, zan iya zubar da na takardar?

A'a. Na takardar ya riga ya nuna zai iya rayuwa shekara 50 ko 80 ba wuta ba caji, fayil ɗinka bai nuna haka ba tukuna. Kuma na'urorin sikanin suna ƙara inganci, wata rana wani zai so ya sake ɗauka daga tushe.

Hoton waya ba ya koɗewa, gara ba ta cin sa. To ina matsalar?

Gaskiya ne, fayil ba ya tsufa, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Abin da ke tsufa shi ne mazauninsa da kuma na'urar da za ta karanta shi. Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a Kodak a 1975, a kaset take ajiye hotonta. Daga nan aka bi ta kan faifan fulofi, aka zo CD, aka zo memori da filashi, kuma kowanne ya yi zamaninsa. Yau kwamfutoci da yawa ba su da ma wurin saka CD. Wannan ne ya sa a 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗin cewa zamaninmu na iya zama duhu ga masu zuwa, har ya ba da shawarar mutane su wanke hotunan da suka damu da su.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa: waya ta faɗa ruwa, an sace ta, ta mutu ta ƙi tashi, an manta kalmar sirri, yaro ya danna gogewa. Akwatin hotuna idan aka manta da shi shekara 30 a wuri mai kyau, za a buɗe a same su. Fayil kuwa sai an riƙa waiwayarsa ana sauya masa mazauni.

Kwafi nawa ya kamata in ajiye?

Uku. Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1, ta ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu daban, ɗaya kuma a wajen gidanka. Misali ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a gidan ɗan'uwa a wani gari. Hikimar na wajen gidan ita ce gobara, ambaliya da ɓarawo ba sa zaɓe, abin da ke ɗaki ɗaya tare yake tafiya. Sau ɗaya a shekara ka jona faifan ka buɗe wasu hotuna ka ga suna buɗewa. Mutane da yawa sai ranar bukata suke gane cewa ajiyarsu ta daɗe da mutuwa.

Tsakanin filashi, memori, CD da faifan ajiya, wanne ya fi daɗewa?

Babu wanda za ka ba wa amana shi kaɗai. Filashi da memori da faifan SSD suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki a cikinsu, wanda kan zurare idan suka yi shekaru ba a jona su ba, ga kuma sauƙin ɓata. Faifan ajiya mai juyawa yana da sassa masu motsi, faɗuwa ɗaya na iya gamawa da shi. CD ɗin da ake ɗora wa abu a gida da rini yake aiki, zafi da haske suna lalata shi. Ka ɗauka cewa duk bayan shekara biyar ko makamancin haka za ka kwashe komai zuwa sabon faifai tun tsohon yana da rai.

Wayata tana tura komai Google Photos ko iCloud. Ai shi ke nan ko?

Wannan mataki ne mai kyau, ya ceci mutane da yawa da wayarsu ta ɓata. Amma ka fahimci yadda yake aiki: galibi abin da ke waya da abin da ke can a haɗe suke, idan ka goge a nan zai goge a can, sai dai ya zauna a kwandon shara na wasu makonni kafin ya tafi gaba ɗaya. Wato yana kare ka daga ɓatan waya, ba ya kare ka daga kuskuren hannunka.

Sannan ma'ajiyar ta kamfani ce, kuma kamfani yana sauya dokarsa. A 2019 shafin ajiye hotuna na Flickr ya taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000. A wannan shekarar dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar cewa ya yi asarar kayan da mutane suka ɗora na tsawon shekaru wurin sauya na'urorinsa. Google Photos ya daina ba da ajiya kyauta marar iyaka daga 1 ga Yuni 2021, kuma Google ya ce daga Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Saboda haka ka lissafa ma'ajiyar intanet a matsayin ɗaya cikin ukun nan. Lokaci-lokaci ka sauke komai zuwa faifanka. Google yana da Takeout don wannan aikin.

Na ɗora su a Facebook, wasu kuma suna cikin WhatsApp ɗin dangi.

Waɗannan wuraren nuna hoto ne. Suna matse shi su rage masa inganci domin ya yi saurin tafiya, kuma sukan cire bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin fayil, irin su rana da lokacin ɗauka. Idan za ka karɓi hoto mai muhimmanci daga ɗan'uwa ta WhatsApp, roƙe shi ya turo shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai iso yadda yake.

Hotunan wayata sun kai dubbai. Yaya zan tsara su?

Fara da ragewa. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, mutum yana tunani kafin ya danna. Yanzu a zama ɗaya akan ɗauki 40 na abu guda, su cakuɗe da hotunan rasit da na allon waya da abin da aka turo a guruf. Wanda zai gaji hoto 30,000 a hargitse ba zai bi su ba. Ware ɗan lokaci kowane wata ka goge masu hazo da maimaici, ka bar ɗaya ko biyu mafi kyau.

Sannan ka yi folda ta shekara, cikinta ta wata ko ta abin da ya faru. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sai sunan mutane, domin a haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa zamani. Kada ka dogara da tsarin da ke cikin wata manhaja kaɗai, ranar da ka bar ta tsarin na iya zama a can. Sunan da ke jikin fayil kuwa yana bin sa duk inda ya je. Idan wayarka iPhone ce tana ajiyewa a tsarin HEIC, wanda Apple ya koma kansa a 2017, yana da kyau ka fitar da mafi muhimmanci a JPEG ma, tunda shi kusan kowace na'ura tana buɗe shi.

Daga ƙarshe, kowace shekara zaɓi kamar 30 ko 50 ka kai a wanke a takarda mai inganci, ka rubuta sunaye a baya kamar yadda ka yi wa na kakanni. Ina ba wannan muhimmanci sosai, domin yaran da aka haifa bayan zuwan wayar zamani su ne aka fi ɗauka hoto a tarihi, kuma da yawansu ba su da ko guda ɗaya da za a riƙe a hannu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsohon hoto su sa masa kala fa?

A yi hattara da su. Share tabo da daidaita launin da ya koɗe abu ne mai kyau. Amma idan fuska ta dushe, manhajar ba ta san kamannin kakarka ba, cikewa take yi da abin da ta koya daga fuskokin wasu mutane. Sai a samu ido ko haƙori ko siffar hanci da ba nata ba, launin tufafin ma kintace ne. Wanda ya san ta zai ce ba ita ba ce, amma jikan da bai san ta ba zai ɗauka haka take. Idan ka yi, ajiye na asalin kusa da shi, ka rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne.

Wa ya kamata ya riƙe na asalin, kuma me zai faru da na wayata bayan raina?

Na takarda guda ɗaya ne, kuma akan samu saɓani tsakanin 'yan'uwa a kansa. Sikanin yana sauƙaƙa wannan: kowa ya samu cikakken kwafi, na asalin kuma ya zauna wurin wanda ya fi wurin ajiya mai kyau da halin kulawa, ko da ba shi ne babba ba. Gara kada a yayyaga albam ɗaya a raba shafi-shafi, domin jerinsa yana ba da labarin da hoto ɗaya ba zai bayar ba. Kowa a dangi ya san a hannun wa suke, kuma wa zai karɓa bayansa.

Na waya ya fi wuya, domin wayar zamani idan an kulle ta, iyali na iya rasa hanyar shiga har abada. Kamfanonin sun tanadi mafita, sai dai dole mai asusun ne zai saita tun yana raye. Google yana ba ka damar zaɓen wanda za a miƙa wa bayananka idan asusunka ya yi wani adadin watanni shiru. Apple ya ƙara tsarin naɗa magajin asusu a ƙarshen 2021, Facebook kuma yana da nasa tun 2015. Saita su, sannan ka rubuta a takarda inda faifan ajiyarka yake, da sunan asusun da hotunan ke ciki, da yadda za a shiga, ka ba wa wanda ka amince da shi ko ka ajiye tare da muhimman takardun gida. Duk lokacin da ka sauya kalmar sirri, ka tuna ka gyara takardar.